Katakon da Kawu Bai Ƙona Ba

Daga Allah muke, gare Shi kuma Kawu ya koma ranar Talata da hantsi, yana zaune a bakin rumfarsa ta kafinta a unguwar Nyohini, fensir a bayan kunne. An kai shi makwancinsa bayan la'asar. Ni ɗan ƙanwarsa ne, ina cikin waɗanda suka ɗauki makara. Amma gara in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa a madadina: wata biyar ban taka ƙofar gidansa ba kafin wannan rana.

Masu gaisuwa kowa da abin da ya tuna. Liman ya ce bai taɓa neman Kawu a sahun farko ya rasa ba, sai makon da ƙusa ta shige masa ƙafa. Wata tsohuwa Badagomba, maƙwabciyarsu, ta ce kujerarta sau uku yana gyara mata, a na huɗu ya ce mata kujerar ba ta da laifi, ita ce za ta rage tuwo. Aka yi dariya ana share hawaye. Abokansa na majalisa suka ce mutum ne mai taurin kai, kuma da muryar yabo suka faɗa. Ni kuwa duk wanda ya miƙo mini hannu ya ce ya haƙuri, sai in ga kamar aljihun rigata yake kallo. A ciki akwai takarda ninki huɗu, ta cire 'yata daga sakandaren gwamnati da take yi, a mai da ita wurin yayata a Kumasi. Sa hannun shugabar makarantar kaɗai ya rage. Ranar Talatar ma can na nufa a kan babur aka kira ni aka ce Kawu ya faɗi. A kan wannan makaranta muka ɓata da shi.

Ranar Laraba sai ga ɗaliban makarantar 'yata sun shigo layin da kayan makaranta, maza da mata, har suka fi ƙarfin kujerun roba. Waɗanda ba su samu wuri ba suka durƙusa a bakin tabarma. A bayansu akwai malamin lissafinsu, mutumin kudu, wanda ba ya jin Hausa ba ya jin Dagbanci. Ya cire takalmi ya tsaya, bai san abin da ake cewa ba, sai sunkuyar da kai yake yi. Mutane suka fara raɗa: me ya haɗa tsohon da bai taɓa zama ajin boko ba da wannan gayya? Wani uba da ke kusa da ni ya taɓa gwiwata.

"Ka gani ko? Lokacin aji ne fa, suna yawo. Sukul ɗin nan ya lalace, wallahi."

Na duba agogo, ƙarfe huɗu saura. An daɗe da tashi. Na sani, amma ban gyara masa ba, don ni ma bakina ya saba da irin wannan magana.

Kawu ya fi shekara ashirin yana gyara wa makarantar nan tebura da bencuna. Duk ƙarshen zango za a loda masa karyayyu a kawo rumfa. Yana da wata ɗabi'a da kowa a unguwa ya sani: ba ya ƙona rubutu, ba ya taka shi, ba ya kankare shi. Ko takardar ƙosai ya gani a ƙasa sai ya ɗauka ya soke ta a jikin katanga. In an ce masa, Kawu, wannan fa Turanci ne, sai ya ce, "Ni na iya rarrabewa? In sunan Allah na ciki fa?" To, yaran sakandare kuwa ba su da aikin da ya wuce rubutu a ƙarƙashin murfin tebur. Wani kafintan zai kankare ya shafa fenti ya wuce. Kawu sai ya cire katakon gaba ɗaya ya sa sabo, tsohon ya jingine shi a ƙuryar rumfa. Shekara da shekaru suka taru har suka cinye rabin wurin. Inna, matarsa, ta yi mita har ta gaji. Ta ce wata rana gara za ta cinye su da shi gaba ɗaya, ya ce to ai gara ma ta samu ilimi.

Duk mai ɗa a ƙasar nan ya san yadda ake shiga sakandare. Ka cika fom, ka jera makarantun da kake so, sannan kwamfuta ta jefa ɗanka inda ta ga dama. Ni na jera manyan makarantun kwana masu suna, a layin ƙarshe na rubuta ta jeka-ka-dawo da ke hanyar Choggu, don kawai a cika gurbi. Kwamfuta ta tsallake duk na sama ta sauka a kan ta ƙarshen. Ranar ko abinci ban ci ba. A shagona na kayan babur, mu iyaye mun gama yanke wa makarantar nan hukunci tuntuni: fenti ya kwaɗe, katanga ta zube awaki na shiga, an raba yara rukuni biyu, wasu na aji wasu na gida suna kallon rufi. Makarantar ragowa muke ce mata. Duk wannan daga bakin ƙofa na gano shi, ina zaune a kan babur ko injin ban kashe ba.

Kawu da ya ji inda aka jefa 'yata sai ya ce, "Alhamdu lillahi, na samu mai karanta mini." Daga ranar ya sa mata suna Malama. In ta taso sai ta biya rumfa, ya ba ta ruwa, ya tambaye ta abin da suka koya, sannan ya jawo katako ɗaya ya ce ta karanta. Yawanci shirme ne: wane yana son wance, zanen shugabar makaranta da ƙaton hanci, waƙoƙin ƙwallo. Kawu ya yi ta dariya har da tari. Amma a cikin shirmen akwai magana. Wata rana ta karanta masa inda wata ta rubuta cewa bayin 'yan mata ba shi da ƙofa, ita ba ta shan ruwa tun safe don kar ta buƙaci shiga. Washegari ya ɗauki ƙofa a kai, yana ɗan shekara saba'in da wani abu, ya je ya kafa ta. Ba wanda ya aike shi, kuma bai faɗa wa kowa ba. Daga bakin Inna na ji, tana faɗan ciwon wuya.

A nan ne kuma ya gano al'adar yaran. A ƙarƙashin murfi sukan jera sunayen malamai, duk ranar da malami ya shigo aji ya koyar sai a ja masa sanda ɗaya. Kawu bai iya karanta suna ba, amma sanda kowa ya iya gani. Yakan ɗora yatsa ya ce, "Malama, wannan mai jere kamar haƙoran zarto, na wane ne?"

A shekararta ta biyu aka yi jarrabawar gwaji, yara suka zube a lissafi. 'Yata da ba ta taɓa kawo mini abin kunya ba ta kawo makin da ban iya nuna wa kowa ba. Iyaye suka taso. Aka ce malamin lissafin nan mugu ne, yana rufe ƙofa in an makara, ba ya gaisawa da mutane, ba ya ƙara ko rabin maki. Aka kwatanta shi da wani malami ɗan gari, mai fara'a, wanda ba ya rasa biki ko suna, kuma yara duk suna cin darasinsa. Aka rubuta takardar ƙorafi: ko a ɗauke mana malamin lissafi, ko mu kwashe 'ya'yanmu. Ni aka zaɓa in yi magana, don ina da Turanci kuma ina da murya. Na ji daɗin zaɓen, ba zan ɓoye ba.

Ranar Asabar aka taru ƙarƙashin bishiyoyin darbejiya na makarantar. Na yi magana da Turanci, na juya Hausa, na ɗan yayyafa Dagbanci, ana ta tafi. Malamin lissafi na zaune a gefe, hannu a kan gwiwa, ko motsi bai yi ba. Ina tsakiyar magana sai ga yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, ta tsaya a bakin ƙofa, Kawu ya sauko da katako uku a hammata. Shugaban iyaye ya tare shi cikin ladabi, ya kira shi baba da Dagbanci.

"Mba, kana da yaro a nan ne?"

"Ba ni da ɗa a nan," in ji Kawu. "Amma duk ɗan da ke nan a kan aikina yake zama."

Ya jingine katakon a jikin teburin manya, ya juya cikinsu waje, ya ɗaga murya ya ce, "Malama!" 'Yata na cikin ɗaliban da aka sa rabon ruwa. Ta ajiye tire ta matso.

"Koma," na ce.

"Karanta," in ji Kawu.

Ta dube ni, ta dube shi. Na ƙara cewa ta koma, da muryar da ta sani. Ta durƙusa gaban katakon ta fara karantawa. Sunan malamin lissafi, sandunansa sun kai bakin katako sun juyo layi na biyu. Sunan malamin nan mai fara'a, sanda huɗu a zango guda. Katako na biyu daga wani aji, haka. Na uku, haka. A ƙasan na ukun wani ya rubuta, ta karanta da Turanci sannan ta juya da Hausa don Kawu: "An ba ni saba'in a darasin da ba a koya mini ba."

Sai wuri ya kaure. Wasu na cewa yara maƙaryata ne, wasu na cewa tsohon nan leƙen asiri yake yi, wata uwa kuwa ta miƙe tana tambayar ɗanta da ƙarfi ko gaskiya ne, yaron ya sunkuyar da kai. Malami mai fara'a ya ɗauki makullinsa ya fita. Takardar ƙorafi tana hannuna, ba wanda ya sake tambayarta. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma kunyar ta juye ta zama fushi tun kafin in kai bakin ƙofa. A can na tare shi.

"Kawu, ka tozarta ni a gaban mutane. Ka sa 'yata ta ƙi maganata. Kai da ko sunanka ba ka iya rubutawa da boko ba, me ka sani game da makaranta?"

Bai ɗaga murya ba. Ya gyara katakon a hammata.

"Gaskiya ne, ɗan nan, ban iya ba. Shi ya sa nake tambaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kai kuwa ko ƙofar ɗakin ba ka leƙa ba."

Na tada babur na bar shi tsaye a rana da kayansa.

Abin bai tsaya nan ba. Wasu malamai suka ɗaure wa 'yata fuska, wasu ɗalibai suka ce ta tona musu asiri, aka fara duba ƙarƙashin tebura. Ta dawo gida kwana biyu ido jajur. Ni kuwa abin nema ya samu. Na ce makarantar da ma ba ta da kyau, yanzu ga gaba, sai Kumasi. Ta ce, "Baba, makarantan ba shi da kyau daga waje ne. Na fara gane lissafi yanzu. Ka bar ni in gama." Na ce ban tambaye ta ba. Na hana ta zuwa rumfa. Ta ci gaba da zuwa, na sani, don kullum akwai garin katako a safarta, amma na yi kamar ban gani ba don kar in sake faɗa a ƙi ji.

Kawu bai zo ba ni haƙuri ba, ban kuma je ba. Sau ɗaya ya aiko Inna ta ce mini kujerar shagona ƙafarta ɗaya na rawa, in kawo ya duba. Na gane abin da yake nufi sarai. Na ce a gaya masa na gode, kujerar lafiyarta lau. Tana nan har yanzu tana rawa, na cusa mata kwali a ƙasa.

Ranar Alhamis ce addu'ar uku. An kwana ana ruwa, itacen da aka tanada ya jiƙe sharkaf, ga manyan tukwane a kan murhu, ga masa ba a fara suya ba, ga mutane sun fara cika rumfunan haya. Ina waje ina karɓar gaisuwa sai na ji hayaniya daga ciki. Na tarar da mata a bakin rumfar Kawu, biyu sun riga sun rungumo katako, 'yata kuma ta tsaya a ƙofa ta baje hannuwa. Yayata da ta iso daga Kumasi daren jiya ita ce a gaba.

"Ke, matsa! Katako ne fa, busasshe paa. Mai shi ya tafi, sadakansa za a dafa. Yarinyan nan ba ya jin magana, shi ya sa za ya bi ni."

"Ba za a ƙona ba," in ji 'yata. Muryarta ta dishe amma ba ta matsa ba.

Inna na zaune a kan tabarmar takaba, tana kallo ta taga. Ita da ta shekara ashirin tana neman a kwashe katakon nan, yau ba ta goyi bayan kowa ba. Kawu bai bar ɗa namiji ba, saboda haka duk ido ya dawo kaina. Yayata ta ce in yi magana, rana na yi, baƙi na jira. Wallahi niyyata in ce a kwashe. Wani ɓangare na zuciyata ma so yake ya ga katakon nan uku sun ci wuta. Na ce 'yata ta ba ni hanya in duba, ta ba ni.

Rumfar tana nan yadda ya bar ta, ƙamshin katako, guduma a inda hannunsa ke kaiwa, fensirin da aka cire daga kunnensa Inna ta sa an ajiye a kan benci. Kusa da fensirin akwai murfin tebur ɗaya da ba a haɗa da sauran ba, an jingine shi shi kaɗai, cikinsa na kallon kujerar Kawu. Tun daga nesa na gane rubutun 'yata. Ni na riƙe hannun nan na koya masa jan layi.

Sunayen malamai ne da sandunansu, kamar sauran. Amma a ƙasa ta ja layi ta buɗe wani jerin, ta rubuta a kansa: wanda ya tambaye ni abin da na koya yau. Suna biyu ne kawai. Kawu, sandunansa sun cika wurin har suna hawa kan juna. Sai Baba. Gabansa katako ne fari tas.

Na ji ta shigo ta tsaya a bayana.

"Teburina ne ya karye wancan watan," ta ce. "Ban san nan za a kawo shi ba."

"Kin karanta masa?"

"Ya ce in karanta. Na tsallake naka."

"To bai sani ba ke nan."

Ta ce, "Ya sa yatsa a wurin. Ya ce, Malama, wannan fa da ba shi da ko ɗaya, na wane ne? Na ce wani masta ne, bai fara zuwa ba tukuna. Ya daɗe yana kallona. Sai ya ce to kar a sa komai a wurin, a bar masa, mai shi yana hanya."

Da-na-sani ƙeya ce. Na zauna a kan kujerarsa, na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta. Tun wancan watan yana zaune yana fuskantar wannan gurbi, yana aiko mini da maganar ƙafar kujera, ni ina can ina cusa kwali.

Yayata ta leƙo ta ce wai me ake ciki. Na ce a mai da katakon da aka ɗauka, ko tsinke ba za a ƙona ba, itace ni zan je in nemo busasshe. Ta fara magana, na ce, Yaya, don Allah. Ta dube ni ta fita.

Na share fuska da hannun riga. Na juya wurin 'yata da tambayar da bakina bai saba da ita ba.

"Ranar Talata, kafin a kira ki, me kuka koya?"



"Yadda ake gane tsawon bishiya ba sai an hau ba," ta ce. "Da inuwa ake yi. Na ce da yamma zan gaya ma Kawu, zai so shi."

"Gaya mini."

Ta tsuguna ta zana bishiya da inuwarta a cikin garin katakon da ke ƙasa, tana bayani tana jan hanci. Rabin abin ban gane ba, na ce ta sake, ta sake. A waje mata na ta kiran sunana saboda itace. Na ciro takardar nan daga aljihu, na nufi ƙofa da ita wajen murhu, sai ta ce, "Baba, ba a ƙona rubutu a gidan nan." Na dawo na soke ta a tsakanin katakon Kawu, can ƙurya, inda gara za ta same ta.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa, Ya sa kabarinsa ya fi rumfarsa yalwa. Ni kuma Allah Ya yafe mini abin da na faɗa masa a bakin ƙofar makaranta, tunda shi ban samu na roƙe shi ba.

Ina ɗaukar makullin babur na ga 'yata ta miƙa hannu ta ɗauki fensirinsa. Ta sunkuya gaban katakon, ta ja sanda guda a gaban sunana, ta mai da fensirin inda yake.

"Ɗaya," ta ce.